Janar Jiniya da Gidansa Abin Koyi

A duk faɗin garin Otter Bend, har da gonakin shanun da ke kewaye da shi, babu mutumin da gobara ke tsoro kamar Mista Wendell Strohmeyer. Shaida kuwa a fili take. Tun da ya shiga ƙungiyar 'yan kwana-kwana na sa-kai, wuta ba ta taɓa yarda sun haɗu ido da ido ba. Da ta ji labarin yana tafe, sai ta mutu. Duk sanda ya iso inda aka yi gobara, cikin kakinsa da ya sha guga, takalmi yana ɗaukar ido, sai ya tarar abokan aikinsa suna naɗe tiyo, fuskokinsu baƙi ƙirin da hayaƙi. Shi kuwa sai ya riƙe ƙugu, ya dubi toka, ya girgiza kai ya ce, "Ta yi sa'a."

Mahassada sukan ce gugar kakin ce ke makarar da shi. Mu dai ba ma biye wa mahassada.

Kafin ya zama garkuwar al'umma, katifa yake sayarwa a babban titi, kusa da shagon aski. Ya yi ritaya da tumbi mai kyau da murya mai kauri, ya rasa inda zai kai su, sai ya kai su ofishin kwana-kwana. Makon farko ya sayo jiniya ya ɗaura a kan a-kori-kurarsa. Burodi zai sayo, jiniya. Coci zai je, jiniya. Karnukan unguwa har sun haddace muryarta, suna yi mata amshi. Daga nan mutanen gari suka laƙaba masa Janar Jiniya. Da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan, domin rabin farko kawai ya ji.

Shugaban 'yan kwana-kwanan mutum ne mai haƙuri, amma ranar da Janar ya ajiye motarsa daidai kan famfon da ake jan ruwa, ya tafi neman wanda zai ɗauke shi hoto, haƙurin ya kusa ƙarewa. Washegari ya kira shi ya ce, "Wendell, basira irin taka asara ce a bar ta a bakin tiyo. Makarantu suna bukatarka." Janar ya yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Kafin yamma ya naɗa wa kansa sarauta: Babban Jami'in Faɗakarwa, Wayar da Kai da Hulɗa da Jama'a kan Al'amuran Wuta da Dangoginta. Da aka je buga masa kati, sunan bai shiga gaba ɗaya ba, sai da aka ƙarasa shi a baya.

Da kaka ta kama, ganye ya fara ja, sai kwalejin garin ta turo masa aiki. Akwai wani darasi da ɗalibai ba sa cin sa da karatun aji kawai, sai sun fita sun yi wa jama'a hidima da abin da suka koya. Aka ware wasu 'yan koyon aikin jinya, aka ce duk ranar Laraba su je firamare su koya wa 'yan aji uku yadda ake tsira daga gobara, wani daga 'yan kwana-kwana ya riƙa sa musu ido. Shugabarsu wata yarinya ce mai suna Yesenia Quiroga, gajeriya, mai saurin tafiya, wadda ba ta son ɓata lokaci. Ta zo da barguna da kwalaye da ƙararrawar hayaƙi ta gwaji, irin wadda ke ihu da zarar ta ji hayaƙi. Janar ya zo da kansa.

Malama Lindqvist, malamar ajin, ta gabatar da shi a taƙaice. Ya gyara mata sunan sarautar, ya tsaya gaban allo, ya buɗe ƙafafu, ya dubi yaran da ke zaune a kan darduma kamar mai duban rundunar da za ta fita yaƙi.

"Ya ku 'ya'yana," in ji shi, "kun yi sa'a. Ba kowane aji ne ke samun ni ba. Wuta, kamar yadda na sha faɗa a manyan taruka, aba ce mai zafi. Ku riƙe wannan. Tun zamanin da ɗan Adam yake kwana a kogo, wuta take neman wanda zai taka mata burki, ba ta samu ba sai a wannan zamani namu, a wannan gari namu, kuma ba sai na faɗi suna ba. Ni da wuta mun san juna. Na san warinta, na san tafiyarta, na san abin da take tunani kafin ta yi tunaninsa."

Wani yaro mai giɓi, Otis, ya ɗaga hannu. "Mista Strohmeyer, mutum nawa ka taɓa fitarwa daga cikin wuta?"

"Ɗana, jarumi ba ya ƙirga."

Daga kogo ya gangaro zuwa gobarar manyan birane, daga nan ya ratse zuwa katifu da irin waɗanda ba sa kamawa da wuri, waɗanda, abin takaici, tun da ya rufe shagonsa ba a samun su. Yara suka fara jan igiyar takalman juna. Wata ta yi barci a kafaɗar ƙawarta. Jikarsa Hattie, wadda take ajin, ita kaɗai ta zuba masa ido har ƙarshe, domin ita dai a wajenta duk duniya babu kamar Kaka. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, bargunan Yesenia suna nan a naɗe yadda ta kawo su.

Laraba ta biyu ma haka. A ta uku, Yesenia ta tare shi a bakin ƙofar aji.

"Yallaɓai, wata magana ce ke damuna. Mutum mai muƙami irin naka a ce yana tsaye yana fama da 'yan aji uku? Ai wannan aikinmu ne, mu ƙanana. Ga makarantar nan gaba ɗaya babu wanda ya taɓa zagaya ta da idon masani."

Janar ya dube ta da sabon ido. Ashe yarinyar tana da hankali. Tun daga ranar ya ɗauki nauyin zagayen duba makaranta, zagayen da yakan fara daga ofishin malamai ya kuma ƙare a can, inda akwai gahawa da kwalin cincin mai suga, da wata sakatariya da ba ta iya cewa mutum ya yi shiru ba.

A bayansa kuwa aji ya zama filin wasa. Ɗaliban kwaleji suka riƙe bargo daidai ƙugu, suka ce wannan hayaƙi ne, yara suka yi ta rarrafe a ƙarƙashinsa suna ƙyalƙyala dariya. Suka koyi taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe. Suka koyi cewa in riga ta kama ba a gudu, tsayawa ake yi a faɗi a yi birgima. Suka koyi cewa kowane ɗaki sai da mafita biyu, kuma wanda ya fita ya fita ke nan, ko kyanwa ce ta rage a ciki. Aka ba su ƙararrawar gwaji suka yi ta danna ta har malamin aji huɗu ya leƙo yana roƙon arziki. Ba a jima ba iyaye suka fara kuka. Yaran sun zama masifa a gida. Uba ba shi da ikon barin kyandir a kunne, uwa ba ta da ikon jingina keke a bakin ƙofa.

Labarin ya kai gidan talabijin na yankin. Aka ce za a turo 'yar jarida ranar rufe makon yaƙi da gobara, ta ɗauki yaran suna nuna abin da suka koya a zauren wasanni.

Janar ya ji wannan labari bakinsa cike da cincin. Ya haɗiye da ƙyar, ya nufi aji.

"Zauren wasanni?" in ji shi. "Zauren da ke warin safa? A'a. Ilimi irin wanda na dasa a yaran nan ba a nuna shi a kan tabarmar tsalle-tsalle. Gida za a kai su. Gida na gaske, wanda aka tsara shi bisa ƙa'ida tun daga tushe har rufi, domin duk mai kallo ya ga yadda masani yake zama. Na yi tunani mai zurfi a kan gidan da ya cancanta, kuma duk yadda na so in kauce, nawa ne."

Yesenia ta dubi Malama Lindqvist, Malama Lindqvist ta dubi silin.

"Yallaɓai, ka tabbata? Yaran nan fa yanzu ba sa ƙyale komai. Ko in zo ranar Talata mu ɗan zagaya tare?"

"Ki zagaya gidana? Ke?" Ya yi dariya irin ta manya, ya dafa kafaɗarta. "'Yata, ki dai zo da abin rubutu."

A gida ya sanar da matarsa Arlene suna cin abincin yamma. Arlene mace ce mai ƙarancin magana, wadda ta daɗe da gano cewa gardama da Wendell ba ta canza komai sai dai ta huce wa mutum abinci. Ta ajiye cokali.

"Wane gidan?"

"Gida nawa gare mu?"

"Wendell, wannan gidan?"

"Arlene, talabijin fa."

Ta dube shi, ta dubi silin na zaure, ta sake dubansa. "To," in ji ta. "Bari in toya musu biskit."

Kada a ce bai yi shiri ba. Ya yi shiri irin wanda ba a taɓa gani ba. Ya shafa wa akwatin wasiƙa jan fenti. Ya share ganyen da ya zuba a farfajiya, ya jera kabewa a kan matakala don ado. Ya wanke mota har taya. Ya goge lambobin yabonsa guda uku, ɗaya ta halartar taro, ɗaya ta sayar da tikitin gidauniya, ɗaya kuma ba a san asalinta ba. Ya ciro babban hotonsa daga ɗakin kwana ya rataye inda duk mai shigowa sai sun gaisa. Ya tsaya gaban madubi ya gwada gefen fuskar da ya fi dacewa da kyamara, ya tarar duka biyun ba su da laifi.

Ranar Laraba da hantsi doguwar motar makaranta ta tsaya a ƙofar gida. Yara suka zubo cikin rigunan sanyi kala-kala. 'Yar jarida ta iso da mai ɗaukar hoto, tana duba agogo. Maƙwabta suka fito da kofunan gahawa suka jingina da shinge. Janar ya tsaya a saman matakala, ya jira har jar fitilar kyamara ta kama.

"Jama'a, yau rana ce ta tarihi. Mutane da yawa sukan tare ni a hanya su ce, Wendell, mene ne sirrin? Nakan ce musu, sirrin yana farawa daga gida. Wannan gida da kuke gani ba gida ba ne kawai, makaranta ce. Wuta ta sha wucewa ta wannan titi, ta dubi lambar gidan nan, ta sunkuyar da kai ta yi gaba. Ku shiga, 'ya'yana. Ku duba ko'ina. Ku tambayi komai. Idanunku su ƙoshi."

Suka shiga. Ba su ko kalli hoton ba. Kai tsaye suka ɗaga kai sama, kamar yadda aka koya musu, suka hango farar ƙararrawar hayaƙi a silin na zaure.

"Mu danna! Mu danna!"

Otis ya karɓi sandar tsintsiya daga hannun Arlene, wadda ta miƙa masa ba tare da ya tambaya ba. Yara suka toshe kunnuwa. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa har ya yi ɗage. Babu abin da ake ji sai agogon bango.

"Wannan ta zamani ce," in ji Janar. "Ba ta ihun banza. Sai ta ga wuta ta gaske."

Wani dogo daga ɗaliban kwaleji ya miƙa hannu ya buɗe murfin. Ramin batir wayam, sai gawar wani ƙuda.

"Babu batir!" yara suka faɗa baki ɗaya, da murnar waɗanda suka ci gasa.

Sai a lokacin Janar ya tuna. Abar ta cika tsegumi ne. Duk sanda ya soya nama sai ta tara masa jama'a, shi kuwa ya cire mata harshe. Yaushe ne ma? Ya kasa tunawa. Ya buɗe baki zai yi bayani, amma rundunar ta riga ta watsu cikin gida.

"Malama, ga hita ta jingina da labule!"

"Malama, zo ki ga soket! Abu bakwai aka cusa masa, har ya yi baƙi!"

"Ƙofar baya ba ta buɗuwa! Kwalaye ne har sama!"

Wata yarinya ta zaro abin da ke cikin kwali ɗaya ta ɗaga wa kyamara. Kalanda ce ta shekarar da ta wuce, kowane wata da hoton Janar, a wani yana riƙe da gatari, a wani yana duban nesa. Ya buga su ne don raba wa jama'a, jama'a kuma ba su nuna kwaɗayi ba.

Daga gareji aka jiyo ihu mafi girma. An sami tukunyar kashe gobara. Tana nan lafiya, ta yi tsatsa, an tokare ƙofa da ita don kada iska ta rufe. Kusa da ita ga galan ɗin fetur na injin yankan ciyawa, babu murfi, an toshe bakinsa da tsumma, yana maƙwabtaka da tukunyar dumama ruwa.

Mai ɗaukar hoto, wanda ya zo yana hamma, yanzu gudu yake daga ɗaki zuwa ɗaki. 'Yar jarida ta daina duba agogo. Yesenia ta ɗauke galan ɗin da kanta ta fitar da shi tsakar gida. Gumi ya fara tsattsafo wa Janar ta ƙarƙashin hula.

Hattie ce ta ja su zuwa bene. Tun safe take ɗokin nuna wa ƙawayenta ɗakinta, inda take kwana duk ƙarshen mako idan uwarta tana aikin asibiti. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, da gado mai bargon taurari da 'yar tsanar zomo.

"Ga mafita ta ɗaya," in ji ta, ta nuna ƙofa da alfahari. "Ga ta biyu."

Ta kama taga ta ɗaga. Ba ta motsa ba. Ta sa ƙarfi har fuskarta ta yi ja. Dogon ɗalibin ya gwada, ya girgiza kai, ya bi gefen katakon da yatsa. Fenti ne ya bushe a kai, shafi a kan shafi, ya haɗe taga da bango sun zama abu ɗaya. Aikin hannun Janar ne, kuma ya sha nuna wa baƙi yadda ya fita sumul.

Hattie ta juyo. Ba dariya take ba, ba kuma ihun cin gasa.

"Kaka, in wuta ta taso ta matakala ina barci, ta ina zan fita?"

Janar ya dubi gadon, ya dubi zomon, ya dubi matakalar katako da ke gangarawa daidai kan zauren da ƙararrawarsa ba ta da harshe. A karo na farko tun da ya sa kaki, ya ga wuta da idon zuciyarsa, kuma ba ta sunkuyar da kai ba. Leɓensa ya motsa. Saura ƙiris ya durƙusa ya ce, 'yar nan, Kaka ya yi wauta. Da ya faɗa, da labarin nan ya ƙare a wani wuri dabam.

Amma sai ya hango jar fitilar kyamara a bakin ƙofa.

Ya gyara hula. Ya turo ƙirji. Ya tafa hannu sau biyu da ƙarfi har yara suka zabura.

"Madalla! Madalla da ku! Kun ci jarrabawa!" Muryar ta dawo da kaurinta. "Kuna tsammani mutum irina zai zauna a gida haka? Tarko na ɗana muku! Batir, ni na cire. Kwalaye, ni na jera. Fetur, taga, soket, duk ni na tsara su ɗaya bayan ɗaya, da gangan, don in auna zurfin ilimin da na ba ku. Wannan ita ce sabuwar hanyar koyarwa, wadda na ƙirƙiro da kaina, kuma ina sa ran sauran jihohi za su ɗauka. Ku tafa wa kanku!"

Yara suka dubi malamarsu. Malama Lindqvist ta fara tafi a hankali, irin na wanda ba ya son a ga hannunsa. Yaran suka bi. Janar ya ɗan rusuna ta gefen dama, sannan ta gefen hagu.

Arlene ba ta tafa ba. Ta ajiye farantin biskit a kan teburin Hattie, ta buɗe durowa ta kwashe kayan barcin yarinyar, ta haɗa da zomon ta rungume a hannu ɗaya.

"A falo za ki riƙa kwana, kusa da ƙofa, tare da ni," ta ce wa Hattie, "sai ranar da tagar nan ta buɗe." Ta juya wajen Yesenia. "'Yata, in kun tashi ki bar min dogon nan da abin ɓanɓare fenti. Zan ba shi abincin rana."

'Yar jarida ta matso da makirfo, idonta yana ƙyalli.

"Misis Strohmeyer, masu kallo za su so su ji daga bakinki. Da gaske maigidanki da gangan ya shirya duk wannan?"

Janar ya yi wa matarsa murmushi mai faɗi, irin na mai roƙo. Arlene ta dube shi, ta gyara zomon a hannunta, ta fuskanci kyamara.

"Ƙwarai kuwa, da gangan ne," in ji ta. "Bawan Allah, ya sha wahala. Tun ranar da muka tare a gidan nan yake shirya wannan darasi."